Zinaren Kwalba ko Sheƙin Hayaƙi: Wanne Ya Dace da Tangaran Ɗinka?

Duk mai aikin tangaran a Abuja, ko a Bwari yake ko Ushafa ko cikin gari, ya san mai odar da zai zo ya ce a sa masa zinare a bakin kofunan rabon biki, ko a jikin kaskon turaren amarya. Hanyoyin samun wannan sheƙi na ƙarfe a kan gilez, wato fatar gilashin da ake gasawa a jikin tangaran, manya biyu ne, da wata ta uku da ke raɓe a gefe. Akwai zinaren kwalba da ake saya a haɗe, a shafa da buroshi, a gasa a wuta mai tsabta. Akwai tsohuwar hanyar da ake kwaɓa sinadarin azurfa da na jan ƙarfe da jar ƙasa, a gasa cikin hayaƙi. Yawanci mutane na zaɓa ne da ido, sun ga hoto a intanet ya burge su. Amma gilez ɗin da ke jikin kayanka da irin tanderun da kake da shi su ne ke yanke hukunci, tun kafin a kai ga maganar kuɗi.

Dalili shi ne, duka hanyoyin biyu gashi na uku ne. An gasa yumɓu, an sa gilez an sake gasawa, sannan a zo a ɗora ƙarfen a mayar wuta a zafin da bai kai na baya ba, tsakanin digiri 600 da 800 a ma'aunin Salshiyos. A wannan zafi so ake fuskar gilez ta ɗan yi laushi ba tare da ta narke ba. To da yawa daga cikin masu sana'ar nan gadon makarantar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950 suke ci, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Wannan gado na kayan babbar wuta ne, da ake gasawa sama da digiri 1200, kuma gilez ɗinsa tauri gare shi. A digiri 650 ko gezau ba ya yi. Duk da haka zinaren kwalba zai kama a kansa. Haɗin hayaƙi kuwa, ka goge ka tarar kamar ba a taɓa shafa komai ba.

Zinaren kwalba

Abin da ke cikin kwalbar ruwa ne mai duhu, ja-ja zuwa baƙi, mai kaifin wari. Zinare ne na gaske aka narka cikin wani irin ƙaro da mayuka masu tashi, aka ƙara ɗan bismut domin ya kama gilez, da ɗan rodiyom domin kada ya dunƙule a wuta. A ƙarni na 19 aka kammala gano shi a Turai. Mai sheƙi na yau da kullum yakan ɗauki zinare kashi 8 zuwa 12 cikin 100, wato kwalbar giram 5 mai kashi 10 rabin giram na zinare ke cikinta. Akwai mai nauyi fiye da haka, wanda ke fitowa dushe sai an goge shi da dutsen akik. Ya fi jure wanki, ya fi tsada nesa ba kusa ba. Danginsu akwai farin filatinom mai kama da azurfa, da mai ƙyallin lu'ulu'u wanda ba shi da tsada sosai don babu zinare a cikinsa.

Aikin gaba ɗaya tsabta ne. A wanke kayan, a bar su su bushe sarai, a goge wurin da za a shafa da sifirit da ƙyallen da ba ya zubar da zare. Daga nan yatsa ba ya sake taɓa wurin, domin maiƙon hannu na hana zinaren zama, ya fito da tabo mai siffar yatsa ɓaro-ɓaro. Buroshi mai laushi, kuma na zinare daban, na filatinom daban, na lu'ulu'u daban. A rubuta suna a jikin kowanne. Ruwa ba ya taɓa su. Ana wanke su da man da kamfanin ya sayar don haka, a cikin ƙaramar kwalba mai murfi, kuma kada a zubar da wannan man wanki, zinare ne kwance a ƙasansa.

Shafi ɗaya ake yi, a ja buroshi sau ɗaya a wuce. Wurin da aka fi yin asara ke nan. Ka ɗaga farin kofi zuwa haske bayan shafi: idan layin ya yi launin ruwan ƙasa mai haske, bai ɗaya, ana ɗan hango farin gilez ta ƙasansa, ya yi daidai. Idan ya yi rawaya fayau, ya yi kaɗan, zai fito shunayya ko ruwan hoda maimakon zinare, saboda ƙwayoyin zinaren sun warwatsu ba su haɗu sun yi shimfiɗa ba. Idan ya yi baƙi ya taru a gefe, ya yi yawa, zai gangara, ya yi ƙuraje, ko ya ɓaɓɓako bayan gashi. Komawa kan wurin da ya fara shan iska na ɗaga na ƙasa. Don layin baki, a ɗora kofin a faifan juyi, a tokare gwiwar hannu a tebur, kofin ne ke juyawa, buroshi na tsaye. Ɗigon da ya faɗa inda ba a so a goge shi da sifirit sau biyu da sabon auduga, domin ragowar da ido bai gani ba ita ke fitowa da inuwar shunayya.

Yanayin garin nan na da nasa hannu. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba: kowace ƙwaya da ta sauka a kan ɗanyen shafi rami ce bayan gashi. A yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin a fara, a kashe fanka, a kife kwali mai tsabta a kan kayan da aka gama, a ɗan ɗaga gefensa don iska. Da damina laima ce, musamman ga kayan ƙaramar wuta da gindinsu ke shan ruwa. A ɗumama su tukuna. Masu aiki a Jos su lura da sanyin safiya, yana sa ruwan ya yi kauri, sai mutum ya ɗauka ya bushe ya antaya masa man tsinkawa, ya ɓata kwalba guda. Riƙe kwalbar a tafin hannu na 'yan mintoci ya wadatar. Bayan shafi a ba shi sa'o'i kaɗan, ko a bar shi ya kwana.

Wajen gashi, a jera kayan da tazara, kada a cika tanderu. A hau da zafi a hankali, kamar digiri 100 zuwa 150 a sa'a, murfi a ɗan buɗe, ramukan leƙe a buɗe, har zuwa wajen digiri 450 lokacin da hayaƙi da wari suka ƙare. Ƙaron ne ke ƙonewa, kuma yana bukatar iska. Idan aka rufe shi da hayaƙinsa, zinaren ya fito dushe da hazo-hazo, har gilez na kusa ya yi datti. Wannan hayaƙi guba ne. Ba a yin gashin nan a ɗakin da ake zaune, kuma ko wajen shafi a buɗe tagogi, a sa takunkumi mai matatar tururin sinadarai. Na ƙyalle ko na asibiti ba ya tare komai a nan. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki.

Inda za a tsaya ya danganta da gilez. Galibin kwalabe na rubuta lambar ma'aunin gashi da ake kira kon, 019 zuwa 018, wato daga wajen digiri 680 zuwa 730. Wannan ya dace da gilez mai laushi. Kayan babbar wuta sukan so a ɗan ƙara, 750 zuwa 780, a riƙe minti 10. Mai ƙyallin lu'ulu'u zafi ƙasa da haka yake so, kon 020, don haka in za a haɗa shi da zinare a abu ɗaya, zinare ake fara gasawa. Wuta ta gaza, zinaren ya gogu da yatsa. Wannan mai sauƙi ne, a mayar a ƙara zafi. Wuta ta wuce, ya dusashe, ya tsattsage ko ya nutse ya bar shunayya, sai dai a sake shafawa. A bar tanderu ya huce da kansa. Manyan farantai na fashewa ne in an yi gaggawa a wajen digiri 573 da kuma kusa da 225, inda sinadarin yashi da ke cikin yumɓu ke sauya girma.

Tanderun lantarki ne gidan wannan hanya, kuma gashin gajere ne, sa'o'i 5 zuwa 6. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya ba a yi asara ba, a sake kunnawa daga baya. Na gas ma yana yi, matuƙar harshen wutar shuɗi ne tas, bututun hayaƙi a buɗe, kuma harshen ba ya dukan kayan kai tsaye.

Sheƙin hayaƙi

Wannan ita ce tsohuwa, kuma tarihinta na Musulmi ne. A Iraƙi ta bayyana a kan tangaran a ƙarni na 9, zamanin Abbasawa, ta wuce Masar ta Faɗimawa, ta kai Kashan a Iran, ta kai Malaga da Manises a Sifen. Tayil ɗin da ke kewaye da mihrabin babban masallacin Ƙairawan a Tunisiya irin wannan aiki ne, suna nan tun ƙarni na 9. Babu ko ƙwayar zinare a ciki. Azurfa da jan ƙarfe ne ke shiga cikin fatar gilez, su yi musaya da sodiyom da fotasiyom, sinadaran nan dangin kanwa, sannan hayaƙi ya zare musu iskar oksijin su koma ƙananan ƙwayoyin ƙarfe a binne. Shi ya sa launin ke sauyawa idan ka juya kwanon, ja ya koma shuɗi, rawaya ta koma kore, abin da kwalba ba ta iya bayarwa. Shi ya sa kuma ya fi jure goga, don ba a saman gilez yake zaune ba.

Kafin a kai ga wannan kyau, sai an sake gini daga tushe. Ana bukatar gilez na ƙaramar wuta, mai narkewa wajen digiri 1000 zuwa 1060, wanda aka gina a kan firit, wato niƙaƙƙen gilashi, mai yawan sodiyom, aka faranta shi da garin kuza kashi 8 zuwa 10. (Kuzar da ake haƙa a Filato ɗanya ce mai duhu, wadda ake sa wa gilez tatacciya ce fara, sai an saya.) Magabata sun yi amfani da dalma, ita ma tana taimaka wa sheƙi, amma guba ce ga mai haɗawa da mai ci a ciki, a bar ta. Irin wannan gilez na yawan tsattsagewa a kan yumɓun da bai dace da shi ba, don haka yumɓun ma sai an gwada. Wanda duk kayansa na babbar wuta ne, ya sani sabon layin sana'a zai buɗe, ba ƙarin ado ba.

Haɗin kansa ba shi da wuya. Ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarfe kashi 30 zuwa 40, jar ƙasa kashi 60 zuwa 70. Don fara gwaji: giram 30 na kabonet ɗin jan ƙarfe da giram 70 na jar ƙasa na neman ja, a rage jan ƙarfen zuwa 25 a sa kabonet ɗin azurfa giram 5 zuwa 8, sai ya karkata zuwa ruwan zinare, kabonet ɗin azurfa shi kaɗai wajen giram 10 zuwa 12 cikin 100 na ba da rawaya zuwa toka mai ƙyalli. A fara toya jar ƙasar ita kaɗai a wajen digiri 700 don kada ta tsuke ta ɓare. A niƙa haɗin da khal a kan gilashi mai kauri har ya daina ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin abin niƙa, a sa ɗigon ruwan ƙaro don ya kama. Kaurinsa kamar na kunun tsamiya, a shafa shi yadda ba a hango gilez ta ƙasa. Jar ƙasa ɗan dako ce kawai, bayan gashi wanke ta ake yi. Idan nitiret ɗin azurfa aka samu maimakon kabonet, a sa safar hannu da tabarau, yana ƙona fata ya bar baƙin tabo na kwanaki.

Gashin ne gwanintar. Ana hawa zuwa inda gilez ke fara laushi, galibi tsakanin digiri 620 da 680, kuma tazarar da ke tsakanin nasara da asara ba ta wuce digiri 20 zuwa 30 ba. A nan ake toshe bututu, a cusa busassun tsinkayen itace ko a ƙara gas a rage iska, hayaƙi ya cika ciki na 'yan mintoci, a buɗe ya washe, a sake. Haka ake yi bi da bi na kusan sa'a guda. Ma'aunin zafi kaɗai ba ya isa. Ana jera zobban gwaji na yumɓu 6 zuwa 8 masu gilez ɗaya da haɗi ɗaya kusa da ramin leƙe, bayan kowane zagaye a zaro ɗaya da waya, a tsoma a ruwa, a goge da babban yatsa. Fari fat, zafi bai kai ba. Rawaya mara ƙyalli, azurfa ta shiga amma hayaƙi bai isa ba. Ja mai haske da ƙyalli a gefe, an kusa, zagaye ɗaya ko biyu ya rage. Jar ƙasa ta ƙi gogewa, zafi ya wuce, ta manne ke nan har abada. Farin gilez ya koma toka, hayaƙi ya yi yawa. Da zarar zobe ya yi kyau a kashe wuta, a liƙe duk wata kafa, domin iskar da ta shiga da zafi na cinye jan da aka samu.

Ba a yin wannan a tanderun lantarki. Hayaƙi na cin fatar da ke kare wayoyin zafi, su tsinke tun lokacinsu bai yi ba, kuma sayen sababbi daga waje ake yi. Ƙaramin tanderun gas ko na itace ake so, a fili, saboda iskar kabon monoksaid da ke fita ba ta da wari kuma tana kisa. Asara kuma sai a shirya mata. Piccolpasso, wani ɗan Italiya da ya rubuta yadda ake wannan aiki a ƙarni na 16, ya ce sau da yawa cikin kaya 100 da ƙyar 6 ke fitowa da kyau. Da gas da ma'aunin zamani an fi haka nesa, amma ko a tanderu ɗaya shiryayyen sama da na ƙasa ba sa fitowa iri ɗaya.

Hanya ta uku ita ce a zuba ƙarfen cikin gilez tun farko, kabonet ɗin jan ƙarfe kashi 2 zuwa 5 ko nitiret ɗin azurfa kashi 1 zuwa 2, a gasa wajen digiri 950 zuwa 1000, a ciro kayan jajur a jefa cikin durom mai garin katako a rufe. Tana da sauri da arha, ga ban sha'awa a kallo. Amma ba ta yin zane ko rubutu, sheƙin duk inda ya ga dama yake faɗawa, jan ƙarfen na dusashewa da shekaru, kuma kayan na yoyo, ba na abinci ba ne. Ta tukunyar fure ce da adon kanta. Fentin zinare na gwangwani da ake fesawa ba tare da gashi ba kuwa, arha ba ta ado. Wanki uku ya tona asiri.

Wajen kuɗi hanyoyin biyu sun saɓa. Kwalba tsadarta a fili take, da dala ake sayenta, tana bin farashin zinare, kuma da yake ruwa ne mai kama wuta ba kowane mai jigila ke yarda ya ɗauko ta ta jirgi ba. Amma shimfiɗar da ke kan kofi ba ta kai kashi 1 cikin 1000 na milimita ba, don haka kwalba ƙarama na nisa. Hanyar sanin kuɗinka ita ce sikeli mai auna 0.01 na giram: auna kwalba, yi kofi 10, sake aunawa, raba. A rufe ta gam, a ajiye a inuwa, don tana bushewa. Haɗin hayaƙi kayansa arha ne in ban da azurfa. Tsadarsa a gas take, da watannin gwaji, da kayan da za a zubar.

Saboda haka mai odar kofi 200 masu sunan ango da amarya, da ranar da ba ta ɗaguwa, kwalba ce tasa, babu wani zaɓi. Haka mai tanderun lantarki, haka mai kayan babbar wuta. Sheƙin hayaƙi na wanda ke da tanderun gas, yana sayar da abu ɗaɗɗaya ga masu tara kayan fasaha da masu ƙawata otal ko masallaci da tayil, kuma yana iya ɗaukar asarar gashi biyu ko uku ba tare da jarinsa ya karye ba. A ganinmu ya fi kyau nesa, kuma kasuwarsa ba cunkoso, amma ba sana'ar mai neman kuɗin cefanen mako ba ce.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa mai saye. Zinaren kwalba ba ya shiga maikurowef, tartsatsi yake yi, kuma soson ƙarfe da garin wanki na cinye shi. Sabulu da soso mai laushi kawai. Kayan hayaƙi, da yake gilez ɗinsu mai laushi ne mai jan ƙarfe a fuska, kada a zuba musu zoɓo ko tsamiya ko lemo. Sheƙin ya tsaya a waje. Sannan ga hukuncin addini: hanin ci da sha a ƙoƙon zinare da azurfa sananne ne, malamai kuma sun yi bayani daban-daban a kan abin da aka yi wa shafe kawai. Maginin tangaran ba mai fatawa ba ne, amma ya gaya wa mai oda gaskiya cewa zinare ne na ainihi a cikin kwalbar, ya bar shi ya tambayi malaminsa. Sauke layin kamar santimita 1 ƙasa da bakin kofi, ko mayar da shi kan mariƙi da gindi, na rage wannan damuwa ga wasu, kuma zinaren ya fi daɗewa tunda leɓe da haƙori ba sa gogarsa.

Kowace hanya aka ɗauka, a fara da fale-falen gwaji na gilez ɗin da ake aiki da shi, ba na wani ba. Ga mai kwalba, guda 9 sun isa: shafi siriri, matsakaici da mai kauri, kowanne a gasa a digiri 700, 740 da 780. A rubuta lamba a bayan kowanne da fensirin da ba ya ƙonewa, a goge su da jiƙaƙƙen ƙyalle sau 50, wanda ya tsaya da ƙyallinsa shi ne zafin tanderunka. Gilez mai santsi ne ke ba da zinare mai walƙiya, mai kaushin fuska dushe yake bayarwa komai kyan kwalbar, don haka idan akwai gilez iri biyu a shagon, kowanne da nasa fale-falen.